ZIYARA A YEJI: INCI 5 DA SUKA KUSA RABA ZUMUNCI

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen makaranta da tarbiyyar yara, mu kai ku bakin ruwa, wato garin Yeji da ke gaɓar Tafkin Volta. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma lalle mun tafi da zargi a zuciya, mun dawo da darasi.

Tafiyar ba ta yawon buɗe ido ba ce. Shekara guda ke nan da mu 'yan adashin unguwarmu a zango, mu 12, muka haɗa kuɗi aka ƙera mana jirgin katako a Yeji, muka sayi inji na hannu mai ƙarfin doki 40 a nan Kumasi, muka damƙa wa wani ƙaninmu da ya daɗe yana zaune can. Aikinsa shi ne ya riƙa kai mata 'yan kasuwa ƙauyukan masunta, ya dawo da su da kwandunan banda, abin da ya samu a cire na mai da na gyara, a raba saura. To, wata ya bi wata, babu abin rabo. Kullum labari ɗaya ne: inji na shan mai, inji na zafi, an kai shi gyara. Tun ana magana a ɓoye har aka fara yi a fili, cewa yaron nan cin kuɗin jama'a yake yi. Mahaifiyarsa ta daina zuwa sunan da ake yi a gidajen wasu daga cikinmu. Da hutun makaranta na watan Afrilu ya zo, sai aka wakilta mu uku mu je mu gani da ido, tun da gani ya kori ji.

HANYAR GORO

Mun bar Kumasi bayan sallar asuba. Mota ta hau dutsen Mampong, ta gangara Ejura, ta bi ta Atebubu inda ake tara doya kamar an gina ɗaki da ita, sa'an nan Prang, daga nan sai Yeji. Tafiyar ta haura kilomita 200, kuma mai lura zai ga yadda kurmi yake raguwa a hankali, dogayen itatuwa suna ba da wuri ga ciyawa da kaɗanya, har mutum ya ji kamar ya doshi arewa sosai.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu. Ita ce tsohuwar hanyar goro, wanda ake ɗaukowa daga ƙasar Asante a haye kogi a Yeji a kai Salaga, kasuwar Gwanja, inda ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke jira. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai da yawa suka watsu zuwa garuruwa irin su Kete-Krachi da Yeji da Kumasi. Saboda haka duk wanda ya sauka a tashar Yeji ya ji Hausa na tashi ko'ina, kada ya yi mamaki. Mun karya da koko da ƙosai a hannun wata baiwar Allah da ta tambaye mu mutanen gida kamar ta san su.

Abin da kakanninmu ba za su gane ba shi ne ruwan. A zamaninsu kogi ne da ake hayewa. An gina madatsar ruwa ta Akosombo tsakanin 1961 da 1965, a mulkin Kwame Nkrumah, ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000 daga garuruwansu. Yau idan ka tsaya a bakin ruwan Yeji, da ƙyar kake hango Makango a ɗaya gaɓar, inda hanyar Salaga ta ci gaba. Babban jirgin fito yana ɗaukar motoci, jiragen katako masu inji kuma suna kai da kawo da mutane da dabbobi da buhunan gawayi. Masunta, waɗanda yawancinsu Ewe ne daga ƙasan kogi, suna sauke karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, hayaƙin banda ya turnuƙe gefen gari.

Wani abu guda kuma ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zancenmu zai dawo kansa. Lokacin da ruwa ya cika, ba a sare dazukan da ya malale ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau. Wasu kana ganin kawunansu tsirara a sama, wasu kuwa sun ɓuya ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, kuma su ne mugaye. Bugu da ƙari, tafkin yana hawa yana sauka da mita da yawa a kowace shekara, ya cika wajen Oktoba da Nuwamba, ya ja baya zuwa Yuni da Yuli. Kututturen da ka wuce ta kansa lafiya da kaka, shi ne zai tare ka da bazara.

ABIN DA MUKA GANI A KAN RUWA

Ƙaninmu ya tarbe mu da ladabi, amma fuskarsa ba walwala. Ya san abin da ya kawo mu. Bai yi dogon bayani ba, sai ya ce, "Yaya, gobe ku biyo ni ƙauye, ku ji da kunnenku."

Da sassafe muka shiga jirgi. Abu na farko da ya ɗaure mana kai shi ne buhunan yashi 4 da ya jera a can baya kusa da inji, ya kuma ce mu da fasinjojin duka mu matsa baya mu zauna. Muka tambaye shi dalili, ya ce in ba haka ba inji ba ya kama ruwa. Muka yi shiru.

Muna cikin gaɓa komai lafiya. Da muka fita sarari iska ta ɗan taso, igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin tana sauke shi. Duk lokacin da bayan jirgin ya ɗaga, sai inji ya ƙwala ƙara kamar babur da aka murɗa wa totur alhali tayarsa na sama, kumfa ta tashi fari fat, jirgi kuwa ya tsaya cik, ya fara ba igiya gefensa. Da baya ya sauka, sai inji ya sake kamawa da fizga. Haka muka yi ta yi. Sau biyu ruwa ya tsallako ta baya, ta wajen buhunan yashin nan, yaron jirgi yana kwalfewa da rabin jarka. Wata tsohuwa cikin fasinja ta kama salati, mu ma muka taya ta. A nan ne muka tuna jiragen da tafkin nan ya ci, kamar wanda ya nutse a watan Afrilu na 2006 ɗauke da mutane daga yankin Digya, aka yi asarar rayuka. Allah ya kai mu ƙauye lafiya, ya dawo da mu lafiya, amma tun kafin mu sauka mun san cewa wannan yaro ba barawo ba ne. Mutumin da ke cin kuɗin jama'a ba zai riƙa sa ransa a irin wannan hali kullum ba.

GAREJIN DATTIJO

Da la'asar ya kai mu wurin wani dattijo bakanike da ke gyaran injinan jirgi a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da bakin ruwa. Bayan gaisuwa muka kwashe labari muka gaya masa, muka ce a buɗe injin a duba mana ko ruɓaɓɓe aka sayar mana. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, sau biyu ina canja wa injin nan robar famfo, sau biyu kuma ina gaya wa yaron nan cewa ciwon ba a cikin inji yake ba. Ya ce yana jin nauyin ya gaya wa yayyensa sun yi kuskuren saye. Ku malaman makaranta ne, kun san awo. Ku zo mu je."

Ya ɗauki tef ɗin awo, aka jawo jirgin gaɓa. Ya aza bakin tef a saman allon baya, daidai inda ake maƙala inji, ya sauke shi tsaye har zuwa gindin jirgi ta tsakiya. Inci 22. Sa'an nan ya koma kan injin, ya auna daga cikin maƙalar da ke hawa kan allo zuwa wani faffaɗan faifan ƙarfe da ke saman farfela. Inci 17. Ya dube mu ya ce, "To, Malam, cire wannan daga wancan."

Inci 5 ke nan. A kansa muka yi shekara muna asara, a kansa muka ɓata sunan ɗan'uwanmu.

Ga bayanin da muka samu, mun kuma tsara shi yadda kowa zai gane. Injin jirgi yana da kai, inda wuta take, yana da ƙafa, wadda ke sauka cikin ruwa da farfela a ƙarshenta. Masu ƙera injina suna yin ƙafar nan tsawo daban-daban domin jirage ba su zama ɗaya ba. Akwai gajera, ta allon baya mai kimanin inci 15, wato santimita 38. Akwai doguwa ta inci 20, wato santimita 51. Akwai kuma ta inci 25, wato santimita 64 ko kusa da haka. In ka auna ƙafar da kanka za ka ga takan ɗan haura waɗannan lambobi da inci 1 ko 2, shi ya sa tamu gajera ta ba da 17. A injinan Yamaha, waɗanda su suka fi yawa a bakin ruwan nan, akwai harafi a ƙarshen lambar da ke jikin maƙala: S gajera ce, L doguwa, X kuma wadda ta fi ta. Namu S ne. Harafin yana nan tun ranar da muka biya kuɗi, ba wanda ya duba.

Ƙa'idar ita ce faifan da ke saman farfela ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi kaɗan, kamar inci 1. Aikin faifan shi ne ya hana farfela zuƙo iska daga sama. Idan ƙafa ta gaza, abu uku ne ke faruwa. Na farko, farfela tana ɓuya a bayan allo cikin ruwan da jirgi ya dama, ba ta samun ruwa mai kyau da za ta tura. Na biyu, da igiya ta ɗaga jirgi sai ta kama iska, ta yi ta juyawa a banza, mai yana ƙonewa jirgi bai motsa ba, kuma mai tuƙi ba shi da iko da shi a daidai lokacin da ya fi bukatar iko. Na uku, ƙofofin da inji ke shan ruwan sanyaya kansa suna ƙasa da faifan nan. Da sun fito sarari, famfo ya sha iska, robar da ke cikinsa ta ƙone cikin ɗan lokaci, inji ya yi zafi. Shi ya sa dattijo ya ce mai tuƙi ya riƙa waiwayen ɗan ruwan da ke tsartuwa daga jikin inji. In ya yanke, a kashe inji nan take.

Sai ɗayanmu ya ce, ashe dai doguwar ƙafa ita ce lafiya, kowa ya saye ta ya huta. Dattijo ya girgiza kai, ya nuna mana wani tarin farfela a gefen rumfa, wasu sun karye, wasu sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Ya ce, "Waɗannan duka aikin doguwar ƙafa ne a kan ƙaramin jirgi." Ƙafar da ta zarce gindin jirgi da yawa tana jan ruwa, ta rage gudu, ta ƙara shan mai. Abin da ya fi wannan muni a tafki irin namu shi ne jirgi ya wuce ta kan kututture lafiya, ƙafa ta doke shi. Farfela ta karye, ko sandarta ta lanƙwashe, ruwa ya shiga giya, wani lokaci ma injin ya tsinke daga allo ya tafi ƙasa. Don haka ya ce duk inji a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi ko sarƙa a jikin jirgi.

Muka tambaye shi mafita. Ya ce uku ce. Ana iya sa kafinta ya rage tsawon allon baya, ya yanke inci 5, kuma wannan ita ce mai araha, amma bai yarda da ita ba ga jirgin da ke ɗaukar mutane, domin ka buɗe wa igiya ƙofa ke nan. Ana iya ƙara wa ƙafar tsawo, amma sai an canja sandar da ke juya farfela da bututun ruwa da sandar giya, kuɗin ba kaɗan ba ne. Ko kuwa a yi musaya. Akwai wani masunci da ke da ƙaramin jirgi da inji mai doguwar ƙafa, wanda farfelarsa biyu ke cikin tarin nan. Kwana 3 muka yi ana ciniki, da tafinta da shaidu, har aka daidaita muka yi masa ciko. Ranar da aka ɗaura sabon, aka zubar da buhunan yashi, muka sake fita sarari. Iska ta taso kamar ta ranar farko, amma muryar inji ba ta canja ba.

ƘARAMIN INJI MAI BATIR

Muna zaune a rumfar dattijo ana wannan ciniki, sai wani saurayi ya matso da wayarsa. Yayansa da ke Bronx a birnin New York yana so ya aiko masa da wani ƙaramin inji mai aiki da batir, ya turo hotuna, ya ce ya zaɓi lamba: 30 ko 36 ko 42. Saurayin ya ɗauka lambar ƙarfi ce, yana shirin ya zaɓi babba. Alhali tsawon ƙafa ne da inci.

Irin wannan inji ɗan Amurka ne. Wani mutum mai suna O. G. Schmidt ne ya ƙera shi a 1934 a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa, daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. Masu kamun kifi da ƙugiya a can suna amfani da shi don su riƙa tafiya a hankali ba ƙara, suna jan igiyar ƙugiya a baya, ko su tsaya daidai inda kifi yake ba su kore shi ba. Ƙafarsa siririn bututu ce, motar kuwa tana can ƙasa cikin ruwa tare da farfela. Ana ɗaura wani a goshin jirgi, wani a baya.

Awonsa ya bambanta da na injin fetur, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Na fetur ana auna shi zuwa gindin jirgi. Na batir kuwa zuwa fuskar ruwa ake aunawa. A sa jirgi cikin ruwa da nauyin da ya saba ɗauka, a auna daga inda za a ɗaura injin zuwa ruwa, sa'an nan a ƙara inci 20. Manufa ita ce motar ta nutse aƙalla inci 12, wato santimita 30, don kada ta zuƙi iska ta yi ta fantsama ruwa ta kori kifin da aka zo nema. In ruwan mai igiya ne, a ƙara wajen inci 5 kuma. Muka je muka auna jirgin saurayin ta baya, aka sami inci 14. Da 20 ya zama 34, saboda haka 30 ta gaza, 36 ta isa ruwa kwantacce, 42 kuwa ta fi dacewa da sarari. A irin wannan inji, in kana shakka ka ɗauki mai tsawo, domin akwai zobe a jikin bututun da ake kwancewa a ɗago shi sama yadda ake so. Gajere kuwa ba shi da magani.

Mun kuma gaya masa gaskiya, kada ya ɗauka ya sami abin haye tafki. Mai batir ɗaya na volt 12 da ke turawa da ƙarfin fam 55 bai kai doki 1 ba, gudunsa da ƙyar ya wuce kilomita 8 a awa. Masu yin sa suna lissafa fam 2 na turi ga kowane fam 100 na nauyin jirgi da kayansa. Yana kuma bukatar batir na musamman mai jure a zuƙe shi a sake cikawa, ba na mota ba. Abin ratsa lungu ne tsakanin kututturai a duba koma, ba abin fuskantar hadari ba. Filafili dai ya zauna a cikin jirgi.

KOMAWA GIDA

Da muka dawo Kumasi muka tara 'yan adashi, muka ajiye rula a kan tabarma, muka nuna musu inci 5. Muka ce ga ɓarawon da muke nema, kuma mu muka kawo shi gida da hannunmu, domin mun ga araha mun saya ba mu tambayi tsawon allon jirginmu ba. Mai kanti bai yaudare mu ba, abin da muka nuna shi ya ba mu. Washegari dattawanmu suka je gidan mahaifiyar yaron suka ba ta haƙuri. Ta yi kuka, ta ce ta yafe.

Jama'a, mun san da yawa daga cikinmu a zangunan ƙasar nan suna sa kuɗi a harkar ruwa, a Yeji ko Buipe ko Dambai ko Kete-Krachi, alhali suna zaune nesa da ruwan, wasu kuma 'yan'uwa ne ke aiko musu da kaya daga Turai da Amurka. Shawararmu ita ce a fara da jirgi kafin inji. A auna allon baya, a rubuta lambar a takarda, a tafi kasuwa da takardar da tef a aljihu, a duba harafin da ke jikin maƙala, a auna ƙafar da hannu. Ba a fafa gora ranar tafiya. Idan kuma wanda ka ba amana ya ce akwai matsala, ka je ka shiga jirgin tare da shi kafin ka yanke masa hukunci.

Allah ya kiyaye matafiya na ruwa da na tudu, ya jiƙan waɗanda tafkin nan ya ci, ya bar mu da zumunci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.